Sawun Taya Biyu a Gaɓar Makuna

Ranar Litinin da safe, da ruwa ya janye, Gushiken shugaban ƙungiyar masunta ya fita duba gonar shako, wato manyan katantanwar teku masu ɓawo biyu da ake kiwo a ƙarƙashin ruwa, sai ya tarar an datse ragar ƙarfe an kwashe manya goma sha ɗaya. Shekara takwas ana renonsu. Kowanne ya kai akushi biyu a kife, yana zaune a ƙasan teku da leɓɓansa shuɗi da kore a buɗe yana shan rana. Su ne iyayen da ake sa ran za su mayar wa tsibirin Makuna da irin da zafin ruwa ya kashe.

Kafin hantsi rumfar ƙungiya ta cika. Kowa ya san lokacin da aka yi ɓarnar, domin jiya Lahadi aka yi wasannin makaranta, ranar da tsibirin kaf ke komawa filin firamare, har tsofaffi masu sanda. Kowa kuma ya san cewa ragar tana zurfin gaba uku, ba mai iya zama a can ya datse ta da numfashi ɗaya. Sai mai tukunyar iska a baya.

"Masu tukunya su nawa ne a nan?" in ji wata mata daga baya. "Iha mai shagon nutso, da baƙuwar nan. Iha kuwa da idona na gan shi yana gudun ba-ni-sanda."

Ba wanda ya kira sunan baƙuwar, amma kowa ya ji shi.

Gushiken da kansa ya je ya taho da Seitoku Aharen, wanda duk tsibirin ke kira Oji, kamar kakan kowa. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun aladen daji masu cinye wa mutane rake da dankali, har aka daina jayayya da shi a kan abin da ƙasa ta ce.

"Oji, akwai sawun taya a gaɓa," in ji Gushiken. "Ka duba mini. Jirgin fito zai tashi ƙarfe huɗu. In ita ce, a gaban jama'a zan sa ɗan sanda ya tare ta, kuma ta gama shiga ruwanmu har abada."

Seitoku ya ɗauki sandarsa. Baƙuwar da ake nufi Chiemi Kuniyoshi ce, ma'aikaciyar jinya a birnin Naha, wadda ta shekara huɗu tana zuwa duk ƙarshen mako tana dasa murjani a ƙasan teku inda ya mutu, ba wanda ya sa ta. Shi kuma yana da abin da bai taɓa faɗa a rumfa ba. Duk da a tsibiri aka haife shi, jirgi na fara lilo yake kwanciya yana amai kamar jariri. Bara da aka yi wa matarsa Tsuru, wadda ake kira Oba, aikin ido, Chiemi ce ta riƙe hannunta zuwa birni sau shida, ta kwantar da ita a ɗakinta, ta dawo da ita gida. Yau Tsuru tana zura zare a allura da kanta.

*

Sawun yana nan a yashi, ɓaro-ɓaro. Taya biyu ne masu faɗi, zanensu kamar ƙashin kifi. Sun fito daga bakin ruwa sun haura ƙaramar hanyar da ta bi cikin ciyawa. Seitoku ya tsuguna ya auna tsakaninsu da hannu: taƙi biyu da yatsu uku. Ya yi wa sandarsa tsaga da wuƙa daidai wurin.

"Sawun ƙafa fa?" Gushiken ya tambaya.

"Babu. Akwati ne mai taya, mai jan yana gaba, kayan sun yi nauyi, tayoyi sun nutse, gindin akwatin ya riƙa share bayansa. Sau uku ya yi sawu, na ƙarshe ya goge na farko."

"Ka san akwatin?"

Ya san shi. Sau nawa ya ga wannan ƙashin kifin a ƙofar gidansa, ranar da aka kawo Tsuru da ido a rufe.

"Na san taya," ya ce. "Ban san hannu ba tukuna."

Suka bi sawun har kwalta, nan ya ɓace. Gushiken yana ta magana, yana zagin mutanen birni da masu zuwa da murmushi. Seitoku ya ce masa ya koma rumfa ya jira shi zuwa ƙarfe uku.

*

Chiemi a masaukin wata mata mai suna Toguchi take sauka. Seitoku ya bi ta bayan gidan, sai ga tarin ɓawon shako jikin katangar kicin, ga kuma akwatin ƙanƙara mai taya a gefe. Ya tuna cewa Toguchi ma ba a gan ta a fili da safe ba, kuma baƙinta suna son ɗanyen shako.

"Oji, me kake shinshina a bolata?" Toguchi ta leƙo ta taga da ludayi a hannu. "Alade ya shigo ne?"

"Jiya da safe ina kike?"

"Ina nake? Ina soya wa mutum tamanin abin da suka cinye a filin nan, har da kai, ka ci uku ka cusa biyu a aljihu. Yanzu kuma ni ce ɓarauniya? Da wannan ƙugun nawa zan nutse gaba uku?"

Ya juya ɓawo ɗaya da sanda. Ya yi fari fat, har ciyawa ta tsiro a cikinsa. Na bara ne. Tayoyin akwatin ƙanƙarar kuwa ba su wuce bakin kofi ba.

"Yi haƙuri," ya ce.

"Ba zan yi ba. Shiga, Chiemi tana baranda. Tun safe ba wanda ya amsa gaisuwarta a hanya."

Chiemi tana zaune tana ɗauraye rigar roba da takalman iyo a baho. Akwatinta shuɗi yana gefe, bututun shaƙa da tabarau da darma a ciki. Ta miƙe ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Oji. Yaya idon Oba?"

"Tana gaishe ki." Ya zauna da ƙyar. "Chiemi-san, jiya ina kika yini?"

"A ruwan yammacin tsibiri, ina ɗaura murjani. Ni kaɗai."

"Akwatin fa? Kin ara wa wani?"

"A'a. Yana tare da ni tun safe har yamma."

Ya so ta ce ta bar shi a wani wuri. Ya so ta ce ba ta sani ba. Ya sunkuya ya ɗora sandarsa tsakanin tayoyin, tsagar ta faɗa daidai. Ita tana kallonsa.

"Me ya sa kika zaɓi wannan?" ya tambaya, don dai kada shirun ya yi yawa.

Ta ɗan yi murmushi. "Wahala ce ta zaɓa mini. Da jaka nake zuwa, mai ƙananan tayoyi irin ta matafiya. Ka san gadar ƙarfen da ake hawa jirgi, mai ramuka-ramuka? Wata rana taya ta maƙale a ciki ta ɓalle, jakar ta yage, kayana suka watse, darma ta kusa karya wa wani yatsa. Sai na sayi igiyar awo na auna faɗin gadar da na matattakalar ciki. Shago uku na shiga. Wani ya nuna mini mai taya huɗu, na ce wannan na falon otal ne, yashi zai cinye shi. Wani ya nuna mini na ƙarfe, na ce gishiri zai gama da shi kafin shekara. Wannan ne kaɗai tayarsa ta haye ramukan, jikinsa roba mai tauri, kuma in jirgi ya cika ina zama a kai." Ta shafa murfin. "Ban taɓa zaton zai ja mini magana ba."

"Kada ki je tasha sai na zo," ya ce.

"Oji, kai ma kana ganin ni ce?"

Ya kau da kai. Ya fita.

*

Shagon Iha yana gaɓar arewa, inda yake kai baƙi nutso. Mutum ne mai fara'a, ɗan tsibirin, ya gaji wurin daga babansa. Ya kawo wa Seitoku shayi mai sanyi da mazarƙwaila.

"Ni dai ban yarda ita ce ba," in ji Iha. "Amma ka san mai son abu. Wataƙila ta ga kamar ba mu iya kula da su ba."

"Ka yi gudu jiya, an ce."

"Na zo na biyu! Da yamma ke nan. Da safe ina nan ina ɗura wa tukwane iska."

"Kai da me kake ɗaukar kayanka?"

Iha ya nuna jakunkunan raga da ke rataye. "Waɗannan. Daga shago zuwa kwalekwale taku ashirin ne, me zan yi da akwati? Wannan na masu hawa jirgin fito ne."

A bango akwai tsohon hoton gaɓar, murjani ja da rawaya, kifi kamar an watsa. Seitoku ya leƙa ta ƙofa ya dubi ruwan na yau. Ƙarƙashinsa fari ne kamar ƙashi.

"Baƙi suna zuwa?"

Fara'ar Iha ta ɗan ragu. "Suna zuwa sau ɗaya."

*

Jirgin fito ya iso da tsakar rana. Seitoku ya tsaya a ƙasa, don ko a ɗaure ba ya son takawa ciki, ya kira Kyan, ma'aikacin da ke kula da kaya da goge dandamali.

"Ka san akwatin baƙuwar nan shuɗi?"

"Na san shi kamar ciwon bayana!" in ji Kyan. "Wannan ai kwando ne mai taya. Duk inda ta ja shi sai ya bar mini layin ruwa, ni kuma in bi da tsumma."

"Ya fashe ne?"

"Ina fa! Sabo fil ta kawo shi, murfinsa da roba a baki, da za ka cika shi da ruwa sai ya riƙe kamar randa. Ita ce ta sa aka huda masa gindi wuri shida, wai kada kayanta su kwana a jiƙe su yi wari. Kayanta ba sa wari, ni bayana yana ciwo. Amma dai tana kawo mini maganin shafawa, ba zan ci amanarta ba."

Seitoku ya matso kusa da shi.

"Akwai wanda ya shigo da irinsa?"

"A buɗe dai ban gani ba. Watan jiya an sauke wani babban kwali daga shagon kayan nutso, sunan Iha a jiki. Ni ba na buɗe kayan mutane."

Tsohon ya juya ya kama hanyar gaɓa da saurin da ya manta yana da shi. Wannan karon shi kaɗai ne, ba mai surutu a kunnensa, kuma ya daina kallon tayoyin, ya koma kallon gefensu. A inda hanya ta hau kan saiwar wata bishiya, ciyawa ta yi yaushi ta kwanta, faɗin tabarma ƙarama. Ya ɗebi ƙasar wurin ya ɗanɗana. Gishiri. Ruwan teku ne ya fantsamo da yawa lokaci guda, sa'ad da akwatin ya yi tsalle.

Ya hau kwalta. Taya ba ta bar komai a nan ba, amma a bakin ramin farko da ke kan titin ga farin tabon gishiri ya bushe. A rami na biyu ga wani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba su nufi masauki ba, ba su nufi tasha ba. Arewa suka yi. A ƙarshen kwaltar, bayan rumbun da Iha ke ajiye tukwane, ƙashin kifi ya sake bayyana a yashi, ya gangara har cikin ruwa.

Seitoku ya zauna a kan dutse. Ya daɗe bai ji daɗin ɗanɗanon gishiri haka ba.

*

Ƙarfe uku rumfa ta sake cika. Ɗan sandan tsibirin yana tsaye a ƙofa. Toguchi ta zo da kanta tana riƙe da hannun Chiemi, Iha yana zaune a gaba, Tsuru ma ta lallaɓo ta samu kujera.

"Sawun da ke gaɓa," in ji Seitoku, "ya yi daidai da tayar wannan akwatin. Na auna."

Rumfa ta ɗauki guna-guni. Gushiken ya dubi ɗan sanda.

"Ban gama ba. A kwashe kayan ciki, a ba ni bokiti."

Aka kwashe. Ya tuttula ruwa cikin akwatin, kafin ya ajiye bokitin ruwan ya tsiyaye ta ƙasa ya jiƙa wa Gushiken takalma.

"Wanda zai ci shako ko ya sayar da namansa ba ya wahalar jan ruwa," ya ce. "A buhu ma zai zuba su. Wanda ya ɗauki namu da ransu yake so. Ya cika akwati da ruwan teku, shi ya sa tayoyi suka nutse har gindin ya taɓa yashi, shi ya sa duk ramin da ya faɗa sai ruwa ya fantsama. Wannan akwatin ko kofi ɗaya ba ya riƙewa. Akwai wani irinsa a tsibirin nan wanda ba a huda ba." Ya juya a hankali. "Iha, ɗana. Gishirin ya kai ni bayan rumbunka. Kwalin da aka sauke maka watan jiya, me ke ciki?"

Iha ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa. Can ya sauka daga kujera ya durƙusa, ya kafa goshi a siminti.

"Suna nan da ransu," ya ce, muryarsa tana karyewa. "Suna gaɓata, bayan babban dutse. Da kwalekwale za a ji injin daga fili, shi ya sa na bi ta tudu. Babu abin da zan nuna wa baƙi, Oji. Ruwan babana ya mutu. Na ce in an kwana biyu zan ce da kansu suka tsiro."

"Shako mai shekara takwas ya tsiro a kwana biyu?" in ji Toguchi. "Kai ko ƙarya ba ka iya ba."

"Akwatin fa?" Gushiken ya daka masa tsawa. "Don a ce ita ce ka sayi irin nata?"

"A'a! Na rantse. Na ga shi kaɗai ke tafiya a yashi, na tambaye ta shagon, ita ta rubuta mini sunan. Sai yau da safe da na ji ana nufinta… na yi shiru. Wannan shi ne mafi muni, na sani."

Chiemi ta dube shi, idonta ya ciko, amma ba a kansa ta yi magana ba.

"Gaɓar arewa ba ta da zurfi," ta ce. "Ruwanta yana zafi da rana, ba za su kai kwana uku ba. Shugaba, in ka yarda in shiga yanzu, kafin ruwa ya dawo."

Jirgi ya yi ƙarar kiran fasinja. Ba ta ko waiwaya ba. Ta roƙi Toguchi ta buga wa wurin aikinta waya ta ce sai gobe.

*

Rabin tsibirin ya tsaya a gaɓar arewa yana kallo. Chiemi tana nutsewa tana miƙo su ɗaya-ɗaya, Iha yana karɓa yana jerawa a akwatinsa, shi ya ja shi sawu uku a gaban kowa, ba wanda ya kama masa. Goma suka koma ragarsu, da aka sauke su suka buɗe leɓɓa. Na sha ɗaya ɓawonsa ya tsage tun a jan jiya, Gushiken ya duba ya ce ba zai yi rai ba.

Ɗan sanda ya tafi da Iha ya rubuta bayaninsa. Ƙungiya ta yanke cewa kwalekwalensa ba zai fita da baƙi ba har ƙarshen shekara, kuma shi zai riƙa wanke ragar shako duk mako.

Rana ba ta faɗi ba tukuna sa'ad da Toguchi ta yanka tsagaggen, ta yayyanka shi siri-siri da ruwan lemo. Ba shi da yawa, kowa yanki ɗaya zai samu. Seitoku ya samu Chiemi a bakin rumfa tana matse gashinta, ba ta shiga ba, domin a shekara huɗu ba a taɓa ce mata ta shigo ba.

"Chiemi-san," ya ce, "ɗazu kin yi mini tambaya na gudu. Na yi zaton ke ce. Wajen awa guda na yi ina zato. Bayan abin da kika yi wa gidana."

"Da ka tsaya ka ce ka san halina, Oji, ba mai saurarenka," ta ce. "Sai su ce don idon Oba ne. Na gode da ka ci gaba da tafiya."

Sai ga Gushiken ya fito da faranti a hannu biyu. Mutumin da ba a taɓa ganin ya sunkuya wa kowa ba ya sunkuya har hularsa ta faɗi.

"Na farko naki ne," ya ce. "Ki yafe mana. Ki shigo ciki."

Ta karɓa da hannu biyu. Daga ciki Tsuru ta buga kujerar da ke kusa da ita.

"'Yata, zo nan ki zauna," ta ce. "Kai kuma tsoho, tsaya a nan ka ɗan ji yadda waje yake."

Rumfa ta fashe da dariya. Seitoku ya jingina da sandarsa a bakin ƙofa, yana dariya shi ma, yana goge ido da bayan hannu.